BABI NA UKU: TARIHIN TSARA ƘASAR BAKIN GULBI A WURNO DA RABAH DA GORONYO

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi ya ƙunshi tarihin yadda aka riƙa tsara zama da noma da kiwo a bakin gulbi a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, tun daga zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har zuwa yau. Tambayar da aka ɗora babin a kanta ita ce: wane ne ke da ikon cewa ga inda za a gina gida, ga inda za a yi gona, ga kuma inda dabba za ta bi ta sha ruwa? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa a cikin kusan shekara 200 wannan iko ya yi ta nisantar mutanen da ke zaune a bakin ruwan. Ya tashi daga hannun mai unguwa da Sarkin Ruwa ya koma hannun En'e, daga nan ya wuce Kaduna, sannan Legas da Abuja. Haɗarin ambaliya da na ƙafewar gulbi kuwa bai gusa ko'ina ba, yana nan a kan mai gona da mai gida.

3.1 Gulbi da Fadama da Tudu

Manyan gulabe biyu ne suka ratsa wannan yanki. Na farko shi ne Gulbin Rima, wanda ke samun ruwansa daga Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya biyo ta Goronyo da Wurno ya nufi Sakkwato. Na biyu shi ne Gulbin Sakkwato, wanda ke tasowa daga kudu maso gabas, ya biyo ta ƙasar Talata Mafara, ya wuce ta Rabah, ya haɗu da Rima a kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya gangara Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kogin Kwara.

Damina a wannan yanki gajera ce, domin ruwan kirki bai cika wuce watannin Yuni zuwa Satumba ba. Saboda haka manoma suka raba ƙasa gida biyu, wato tudu da fadama. A tudu ake shuka gero da dawa da wake. Fadama kuwa ita ce shimfiɗar da gulbi ke malalewa duk shekara, ya bar mata laka mai taki idan ya janye. A cikinta ake noma shinkafa da damina, da rani kuma a yi albasa da tafarnuwa da alkama da dankali da tattasai. Idan an kawar da amfanin gona makiyaya su shigo da shanu, masunta kuma su kama kifi a tafukkan da ruwa ya bari. Abin lura a nan shi ne, fili ɗaya yana da masu amfani da shi uku ko huɗu, kowa da lokacinsa. Ke nan tsara bakin gulbi ya haɗa da rabon wuri da rabon lokaci gaba ɗaya, kuma cikar gulbi ce ke yi wa kowa alamar nasa lokacin.

3.2 Zamanin Ribaɗi

Muhammadu Bello ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837. A wajajen 1830 ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron kan iyaka, domin tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa daga arewa da gabas. Kamar yadda Murray Last ya nuna a littafinsa na tarihin Daular Sakkwato (1967), manufar ribaɗi ta haɗa da zaunar da Fulani makiyaya wuri ɗaya, da koya musu noma da sana'a da karatu, da kafa masallaci da kasuwa a cikin ganuwa. Bello da kansa ya zauna a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Wasu daga cikin sarakunan da suka biyo baya, irin su Aliyu Babba (1842 zuwa 1859) da Umaru ɗan Aliyu (1881 zuwa 1891) da Abdurrahman (1891 zuwa 1902), sun mayar da Wurno mazauninsu. A zamanin Aliyu Babba ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853. Rabah ita ma gari ce ta zuriyar Bello, da sunanta ake kiran Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah (1873 zuwa 1877).

Idan aka dubi inda aka ɗora Wurno za a ga dabarar tsarin wancan zamani. An kafa garin a kan tudu mai duwatsu wanda ke kallon fadamar Rima, ta yadda mai tsaro zai hango maƙiyi daga nesa, ruwa kuma ba zai cim ma gidaje ba. Gonakin shinkafa da lambuna suna ƙasa, kusa da ruwa. Wato gida a tudu, gona a fadama. Wannan ka'ida ba a rubuta ta a taswira ba, amma ganuwa ta tsare ta, domin wanda ya fita bayan ganuwa ya yi gini ya sa kansa a bakin hari da bakin ruwa.

Bugu da ƙari, shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan waɗannan al'amura. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, inda ya yi bayanin raya mataccen fili, da yanka wa mutum fili da shugaba ke yi, da keɓe makiyaya, da hurumi. Hurumi shi ne filin da ke kewaye da gari ko rijiya ko gulbi wanda jama'a ke amfana da shi baki ɗaya, ba a yarda mutum ɗaya ya killace shi ba. Shi kuma Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi a cikin haƙƙoƙin talakawa a kan shugaba.

A aikace, masu riƙe da wannan tsari mutanen gari ne. Dagaci da mai unguwa su ne suka san iyakar kowace gona. Sarkin Noma shi ke jagorancin manoma, Sarkin Ruwa ke faɗar ranar su da kula da mashigi da masu fito, ardo kuma shi ke magana da yawun makiyaya a kan burtali da mashaya. Idan jinga ta fashe ana kiran gayya a toshe ta. Wannan bai nuna cewa babu zalunci a wancan zamani ba, domin manyan gonakin fadama da dama gandayen masu sarauta ne, bayi ne kuma ke noma su. Sai dai mai yanke hukunci yana zaune a garin, ruwan da ya ci gonar talaka shi ne zai ci tasa.

3.3 Zamanin Turawa da En'e

A ranar 15 ga Maris, 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Daga nan Wurno ta daina zama mazaunin Sarkin Musulmi, ta zama gunduma a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato kamar Rabah. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. A zahiri hakimi da dagaci sun ci gaba da rabon gonaki, amma asalin iko ya koma ga mutumin da bai taɓa ganin fadamar ba. Dokokin tsara birane na 1917 da 1946 kuwa an yi su ne domin manyan garuruwa da unguwannin Turawa, ba su taɓa irin su Goronyo ba.

Da zaman lafiya ya samu, ganuwa ta rasa amfaninta na tsaro, mutane suka fara fita suna kafa ƙauyuka da tungaye kusa da gonakinsu. Wannan ya sauƙaƙa noma, amma ya sassauta tsohuwar ka'idar gida a tudu. Aikin hakimi a lokacin ya haɗa da tattara haraji da jangali, da gyaran hanyoyi da tsabtar gari. Irin wannan aiki ne Ahmadu Bello ya riƙe a mahaifarsa Rabah daga 1934, kafin a naɗa shi Sardauna a 1938.

Turawa sun fara gwajin ban-ruwa na zamani a Kware a shekarun 1920. A zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, wadda Sardauna ya shugabanta daga 1954 zuwa 1966, aka kafa shirin noman rani na Wurno, wanda ke shan ruwa daga madatsar Lugu. A nan ne manomin wannan yanki ya fara ganin an auna fadama an yanka ta filoti-filoti, an ja magudanan ruwa, ma'aikacin gwamnati kuma shi ke faɗar ranar da za a saki ruwa. Dokar ƙasa ta 1962 ta mayar da ikon ƙasa ga minista a Kaduna, dokar 1965 kuma ta tanadi keɓe makiyaya, alamar cewa gona ta riga ta fara cin burtali.

3.4 Zamanin Manyan Madatsun Ruwa

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato. Ba da jimawa ba aka shiga farin 1972 zuwa 1974, kuɗin man fetur kuma suka shigo hannun gwamnati. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka ɗora mata gina madatsun ruwa da manyan gonakin ban-ruwa.

Madatsar Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato, an kammala ta a 1978, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Ko da yake tana kusa da Talata Mafara ne, wadda yanzu ke cikin Jihar Zamfara, tana da muhimmanci ga wannan babi saboda dalili biyu. Na farko, Rabah tana ƙasa da ita a kan gulbi ɗaya. Binciken W. M. Adams (1985) ya nuna cewa bayan datse gulbin, cikar da ke malale fadamar da ke tsakanin Bakalori da Sakkwato ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Mutanen wannan fadama ba a ƙwace musu gona ba, saboda haka ba su shiga lissafin diyya ba, alhali ruwan da ke raya gonar an riƙe shi. Na biyu, rikicin diyya tsakanin manoman Bakalori da hukuma ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka, kuma adadin da gwamnati ta bayar bai kai wanda mutanen wurin suka faɗa ba.

A farkon shekarun 1980 aka yi aikin madatsar Goronyo a kan Rima. An kammala ta a 1984, aka buɗe ta a hukumance a 1992. Tsawonta kilomita 12.5 ne, tsayinta mita 21, tana kuma iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, wato ninki biyu na Bakalori. An yi ta domin noman rani a tsakiyar kwarin Rima, da samar da ruwan sha ga Sakkwato da garuruwan da ke ƙasa har Birnin Kabi, da rage ambaliya. Amfaninta a fili yake. Gulbin da a da yakan tsinke da rani ya zama yana gudana, da injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse suka yawaita ta hanyar shirin raya fadama na ƙasa daga 1993, jigo ya kau, noman albasa da tafarnuwa da shinkafa ya bunƙasa a Goronyo da Wurno. Sai dai an sami wani babban sauyi. A da manomi yana duba sama da launin ruwa ya san gulbi na tafe. Yanzu cika da janyewar gulbi sun dogara ga buɗe ƙofar dam da rufe ta, wanda ke riƙe da ƙofar kuma ma'aikacin tarayya ne.

3.5 Rabuwar Iko

Dokokin da suka biyo baya sun ƙara rarraba ikon. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, ya mayar da hakimai masu ba da shawara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a karkara, ta kuma ce idan gwamnati ta karɓi fili, diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai za a biya, ban da ƙasar kanta. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Dokar ruwa ta 1993 kuma ta ba Gwamnatin Tarayya ikon duk gulbin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya.

Sakamakon haka shi ne, a bakin gulbi ɗaya ruwa na tarayya ne, ƙasa ta Gwamna ce, kwalbati da kasuwa da magudanar unguwa na ƙaramar hukuma ne, amma idan rigimar iyaka ta tashi ƙofar dagaci ake zuwa, shi kuwa doka ba ta bar masa ikon zartarwa ba. Hurumin da Malam Abdullahi ya yi bayani, wato filin jama'a na bakin ruwa, shi ne ya fi shan wahala a wannan rabo, domin babu wanda aka ce shi ne mai tsaronsa.

3.6 Ambaliyar 2010 da Ƙafewar 2018

Abubuwa biyu sun bayyana raunin wannan tsari. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Goronyo ta cika, ruwa ya kwararo cikin kwarin Rima fiye da yadda aka saba gani. Ƙauyuka irin su Kagara ta ƙasar Goronyo sun nutse, gonakin shinkafa da gero suka lalace gab da kaka, rumbuna suka rushe, dubban mutane suka koma makarantu da sansanoni. Ruwan ya bi ta Wurno da Kware har ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mazauna kwarin sun ɗora laifi a kan yadda aka saki ruwan, jami'ai kuma suka ɗora a kan yawan ruwan sama. Ko wanne aka ɗauka, gidajen laka da ke ƙasa-ƙasa su ne suka fara tafiya. Shekarun da dam ya yi yana rage cika sun sa mutane sun saki jiki da wuraren da kakanninsu ba su kwana a ciki. A cikin ambaliyoyin wannan tsakani ne kuma madatsar Lugu ta fashe, manoman Wurno suka yi shekaru ba su sami ruwan magudana yadda suka saba ba.

A farkon 2018 kuma aka ga kishiyar haka. Ruwan Goronyo ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke ɗauka, saboda ƙarancin ruwan daminar 2017 da taruwar yashi da laka a cikinta. Ruwan famfo ya yi wuya a Sakkwato, masu noman rani suka shiga zullumi. A nan wata tambaya ta taso wadda tsohon tsarin gari bai san da ita ba: idan ruwa ya yi kaɗan, mai famfo a birni za a fara ba, ko mai albasa a Goronyo?

3.7 Matsalolin Unguwannin Bakin Gulbi

Daga wannan tarihi za a iya fitar da matsaloli huɗu. Ta farko ita ce rashin sananniyar iyaka tsakanin wurin gini da hanyar ruwa. Ta biyu ita ce toshewar burtali da mashaya, domin noman rani ya sa fadama ba ta zama fanko da rani kamar da, lokacin makiyayi ya shige cikin na manomi. Ta uku ita ce mashigi. Ƙauyuka da yawa kwalekwale ne hanyarsu ta zuwa kasuwa da asibiti, kuma a watan Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ta huɗu ita ce ƙaurar da hare-haren 'yan bindiga suka haddasa tun daga 2018, wadda ta tura mutanen ƙauyuka cikin manyan garuruwa, baƙo kuwa filin da ya samu a gefen gari nan yake kafa bukka, ko da kwari ne.

Shirin gyaran ban-ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da Bakalori da tsakiyar kwarin Rima, ya ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa muhimmanci wajen kula da magudanai. Wannan komawa ce ga abin da gayya da Sarkin Ruwa ke yi a da, sai dai ikon ƙungiyoyin ya tsaya a cikin gonakin shirin, bai kai ga unguwa da mashigi da burtali ba.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin tsara ƙasar bakin gulbi a zamani huɗu: na ribaɗi, da na Turawa da En'e, da na manyan madatsun ruwa, da na rabuwar iko a tsakanin matakan gwamnati uku. An ga cewa tsarin farko ya tsayu a kan gida a tudu, gona a fadama, hurumi ga jama'a, kuma masu kula da shi mazauna wurin ne. Madatsun Bakalori da Goronyo sun kawo ruwan rani da na sha, amma sun ɗauke sanin lokacin ruwa daga hannun manomi, dokokin 1976 da 1978 da 1993 kuma ba su ajiye kowa a matsayin mai tsaron bakin gulbi ba. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, shata iyakar ruwan 2010 a kowane gari, da sanar da dagatai kafin a buɗe ƙofar dam, da mayar da burtali da mashigi cikin lissafin ƙaramar hukuma, ayyuka ne da suke da asali a tsarin da aka kafa Wurno a kansa. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi sana'o'in su da fito da noman lambu a yankin.